Idan zaɓin yanayi yana kawar da abu mai cutarwa, me ya sa sikila ba ta ƙare ba?

Tambaya daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare a Tudun Wada, Kaduna, mai shirin zana WAEC da JAMB: "Malam, an koya mana cewa zaɓin yanayi yana kawar da duk siffar da ke cutar da halitta, ya bar mai amfani. To me ya sa sikila ba ta ƙare ba, ga ta kusan a kowane dangi? Kuma da ake cewa sauro ya saba da maganin feshi, shi ma juyin halitta ne? Sannan maganar wai daga biri aka samu mutum fa?"

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. A cikin tambayoyinki uku ta sikila ce mai tsoka, amma bari mu fara da sauro, domin sai kin kama zaren a wurinsa sannan ta sikila za ta warware miki.

Abin da Charles Darwin ya kawo a littafinsa On the Origin of Species, wanda ya fito a watan Nuwamba na 1859, ya ginu ne a kan abubuwan da duk mai noma da kiwo ya sani. Halittu suna haihuwa fiye da abin da abinci da wurin zama za su iya ɗauka. Macen sauro ɗaya tana zuba ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda, kuma da dukkansu za su rayu su hayayyafa, da ba wanda zai iya zama a garin nan. Sannan 'ya'yan uwa ɗaya ba sa zuwa iri ɗaya, kuma wani sashe na wannan bambanci gadonsa ake yi. To duk wanda bambancinsa ya ba shi ko da ɗan rinjaye wajen rayuwa har ya kai ga haihuwa, shi zai fi barin baya, kuma in tafiya ta yi tafiya siffarsa ce za ta yawaita a cikin jinsin. Ba Darwin kaɗai ya gano haka ba. Alfred Russel Wallace ya kai ga wannan tunani a 1858 yana kwance da zazzaɓi a tsibiran da yanzu ke cikin Indonesiya, ya rubuto wa Darwin, aka karanta takardun su biyun tare a Landan a watan Yuli na wannan shekara.

Darwin ya buɗe littafin ne da maganar kiwo, musamman tantabaru, waɗanda shi kansa ya kiwata. Mu ma muna da namu a kusa. Kazar Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta fitar, an same ta ne ta hanyar ware waɗanda suka fi ƙwai da jure yanayinmu ana haɗa su, zuriya bayan zuriya. Haka manomin da ke ware manyan zangarniyoyin dawa ya ajiye na iri. A nan mutum ne ke zaɓe da niyya. A daji kuwa yunwa da cuta da fari da mafarauta ne ke yin wannan aiki, ba tare da wata niyya ba.

Yanzu ɗauki sauron Rigasa, ko na unguwannin bakin Kogin Kaduna da damina. Shekara da shekaru gidajen sauron da aka yi ta rabawa rukunin magani ɗaya aka riƙa jiƙa su da shi, fairetiroyid, kuma danginsa ake fesawa a gonakin wake da auduga. Maganin yana kama wata ƙofa ce a jijiyoyin sauro ya shanye masa jiki. A cikin miliyoyin sauro akwai 'yan ƙalilan da aka haife su da ɗan sauyi a ƙwayar gadon (wato ɗan rubutun da ake gada daga iyaye) da ke gina wannan ƙofa, ta yadda maganin ba ya kamawa sosai. Masana suna kiran sauyin kdr. Wasu kuma jikinsu yana yin sinadaran narkar da guba fiye da na sauran. Aka zo da magani, masu rauni suka zube, waɗannan suka tsira suka yi ƙwai. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa babban sauro kwana 10 zuwa 14 ne, don haka a damina ɗaya ana iya samun zuriya 10 ko fiye. Cikin 'yan shekaru, abin da yake ɗaya cikin dubu sai ya zama shi ne galibi.

Don haka e, juyin halitta ne. Amma lura, babu wani sauro guda da ya sha wahalar magani har jikinsa ya saba. Kowanne yadda aka haife shi haka ya mutu ko ya tsira. Abin da ya sauya shi ne kason masu juriya a cikin taron. Kamar rariya ce: ba ita ke yin gari ko tsaki ba, tana raba abin da aka zuba mata ne. An ma gwada wannan a ɗakin bincike. A 1952 Joshua da Esther Lederberg sun nuna cewa ƙwayoyin bakteriya masu jure magani suna nan a cikin taro tun kafin maganin ya taɓa su. Sauyin ƙwayar gado yana faruwa ne ta kuskuren kwafi lokacin da ƙwayar halitta ke rabuwa, ba ya duba bukatar mai shi. Mafi yawansa ba ya tsinana komai, wani ya cutar, ƙalilan ya yi amfani.

Tunanin cewa jiki yana sabawa sannan ya gadar wa 'ya'ya, wannan na Lamarck ne, Bafaranshen da ya rubuta nasa a 1809, kuma a nan ɗalibai suka fi zubar da maki. Littafinki zai ba ki misalin wuyan raƙumin dawa, wai miƙa shi zuwa ganye ne ya tsawaita shi har ya gadar wa 'ya'yansa. Ni na fi son na gida. Ɗaruruwan shekaru wanzamai suna yin kaciya da tsagar fuska, mata suna huda kunne, amma har yau ba a haifi jariri da tsagar gidansu a kumatu ba. Abin da aka yi wa fata ba ya shiga ƙwai ko maniyyi.

Akwai wani labari da zai kai mu bakin ƙofar tambayarki. Iyayenki sun san kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa mutane. Ƙwayar maleriya mai jure shi ta ɓulla a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ta iso Gabashin Afirka a 1978, ta bazu har Najeriya ta sauya zuwa haɗaɗɗun magungunan maleriya da ake kira ACT a 2005. Malawi ta riga mu, ta janye kulorokwin tun 1993. Sai ga abin mamaki: a birnin Blantyre, sauyin da ke ba ƙwayar juriya ya faɗo daga kashi 85 cikin 100 a 1992 zuwa kashi 13 a 2000. Dalili shi ne juriyar tana da tsada a jikin ƙwayar. Muddin ana shan kulorokwin riba ce, da aka daina sai ta zama kaya, marasa ita suka fi saurin yaɗuwa. Ke nan babu siffar da za a ce mai amfani ce ko mai cutarwa ce a ko'ina kuma a koyaushe. Sai an tambaya: a ina, a wane zamani, kuma a jikin wa?

To ga sikila. A kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, akwai ƙwayar gadon da ke gina wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Harafi ɗaya ne ya sauya a rubutun DNA, GAG ya zama GTG, sai aka samu tubalin da ake kira balin a gurbi na 6 na wannan sashe maimakon gulutamik asid. Wannan kwafi mai sauyi shi ne S, wanda bai sauya ba kuma shi ne A. Kowannenmu yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, shi ya sa takardar gwajin jini ke nuna AA ko AS ko SS. Mai SS, idan oksijin ya yi ƙasa, himogulobin ɗinsa yana dunƙulewa ya yi sanda-sanda, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini da saurin kamuwa da cuta suke fitowa. Mai AS kuwa lafiyarsa lau a mafi yawan lokuta, yawanci ma bai san yana ɗauke da shi ba sai ranar gwajin aure.

A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya wallafa binciken da ya nuna cewa masu AS sun fi tsira daga maleriya, kuma taswirar wuraren da S ya yawaita ta yi daidai da ta wuraren da maleriya ta yi katutu. Binciken da ya biyo baya ya nuna kariyar ta kai kusan kashi 90 cikin 100 daga maleriya mai tsanani, irin wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa ko ta shanye jinin yaro. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, ƙwayar jinin mai AS da cutar ta shiga takan lanƙwashe, sai saifa ta tsince ta ta lalata tare da abin da ke ciki. Kada ki fahimce ni a baibai: mai AS yana yin maleriya, kuma dole ya kwana a gidan sauro ya sha magani kamar kowa. Mutuwa da ita ce ta yi ƙaranci a wurinsa. Mai SS kuwa maleriya babban haɗari ce gare shi.

Hujjar da na fi son ba ɗalibaina daga ƙasarmu ta fito. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike kan maleriya a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin tana Jihar Kano, yanzu tana Jigawa. An gwada jinin dubban mutane, kuma A. F. Fleming da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a 1979. A cikin jarirai sabbin haihuwa, kusan kashi 24 cikin 100 AS ne, kusan kashi 2 kuma SS. A cikin waɗanda suka haura shekara 5, AS ya hau zuwa kashi 29, SS kuwa da ƙyar ake samun su a cikin manya. Jinin mutum ba ya sauyawa daga AA zuwa AS don ya girma. Abin da ya faru shi ne yara masu AA sun fi mutuwa, sai kason AS ya ɗaga a cikin waɗanda suka rage.

Ɗauko biro mu lissafa tare. A ce jarirai 1,000: AA 740, AS 240, SS 20. Tunda kowa kwafi biyu gare shi, jimillar kwafi 2,000 ce. S nawa ne a ciki? Masu AS sun ba da 240, masu SS sun ba da 40, ya zama 280, wato kashi 14 cikin 100. Yanzu manya 1,000 da suka kai munzalin aure a wancan zamani: AS 290, AA kusan 710, SS kusan babu. S ya zama 290 cikin 2,000, kashi 14 da rabi. Kin gani? An rasa kusan dukkan masu SS tare da kwafinsu, amma kason S bai ragu ba ko kaɗan. Asarar da aka yi ta ɓangaren SS, maleriya ta cike gurbinta ta hanyar rage AA. Idan waɗannan manya suka yi aure, ƙa'idar Hardy da Weinberg ta 1908 ta ce ki ninka 0.145, wato kashi 14 da rabi ɗin nan, da kansa ki samu kason SS a sabbin jarirai, ya ba ki kusan 0.02, wato an koma kashi 2 ɗin da aka fara da shi. Haka abin yake ta zagayawa.

Amsar tambayarki ke nan. Zaɓin yanayi yana aiki a kan sikila, da ƙarfi ma kuwa, sai dai daga ɓangare biyu yake matsowa. Idan S ya yi yawa a gari, auren AS da AS zai yawaita, a haifi SS da yawa, kason ya sauko. Idan ya yi ƙaranci, kusan kowane S yana jikin mai AS ne, ga kariya babu asara, sai ya hau. Inda ƙarfin biyu suka yi kunnen doki, nan yake tsayawa. A Najeriya ya tsaya ne a inda kusan mutum 1 cikin 4 yake AS, kuma ana ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

Za ki ce, to in an kawar da maleriya fa? S zai ragu, amma a hankali ƙwarai, kuma lissafinmu na ɗazu ya nuna dalili. Cikin kwafi 280, guda 240 suna ɓoye a jikin lafiyayyun mutane inda zaɓin yanayi ba ya ganin su. Ko da a ce babu maleriya kuma babu mai SS ɗin da ya haihu, sai an yi zuriya 7 kafin kason ya sauko daga 14 zuwa 7, wato shekara 200 ko kusa da haka. Baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda aka kwashi kakanninsu daga yankunanmu, kusan 1 cikin 13 ne ke ɗauke da S a yau. Ya yi ƙasa da namu, amma ba raguwar maleriya kaɗai ta jawo ba, har da cuɗanyar jini da Turawa. Wannan ma darasi ne: ƙaura da auratayya, da kuma sa'a tsagwaronta a ƙaramin taro, su ma suna sauya kason ƙwayoyin gado. Zaɓin yanayi ɗaya ne daga cikin hanyoyin juyin halitta, shi ne dai wanda ke sa halitta ta dace da muhallinta.

Wata magana da nake yi wa kowane aji idan mun zo nan, domin da wuya a rasa mai SS ko 'yar'uwar mai SS a cikin masu saurare. Wannan ilimi yana bayyana abin da ya faru ne a ƙauyukan da babu asibiti, ba ya yanke wa kowa hukunci. Alƙaluman Garki na shekarun 1970 ne. Yau da allurar rigakafi, da fenisilin ga ƙananan yara, da folik asid, da kariya daga maleriya, da haidiroksiyuriya ga waɗanda likita ya rubuta wa, masu sikila suna girma, suna karatu, suna aure. Duk wanda ya ɗauki darasin Darwin ya mayar da shi dalilin raina marar lafiya, bai fahimci darasin ba, kuma an yi irin wannan ɓarnar a Turai da Amurka a ƙarni na 20. Amfanin ilimin a gare ki shi ne gwaji kafin aure. AS da AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zama SS. Kowane ciki na ce, domin ciki ba ya tuna na baya. Ana samun gidan da yara 4 suka fito babu SS ko ɗaya, ana samun wanda 3 a jere suka zo da shi.

Idan mai jarrabawa ya nemi wani misali a jikin ɗan'adam, ga na madara. Yawancin mutanen duniya jikinsu yana rage yin sinadarin narkar da sukarin madara bayan yaye, shi ya sa ɗanyar madara ke ɓata wa manya da yawa ciki, alhali kindirmo da nono, waɗanda tsami ya rage musu wannan sukari, sun fi sauƙi. Fulani da yawa kuwa suna ɗauke da wani sauyi da ke barin sinadarin yana aiki har tsufa, kuma irin wanda ake samu a Turai ne. Makiyayan Kenya da Tanzaniya suna da nasu sauyin daban mai yin aiki iri ɗaya. A inda shanu suke, mai iya shan madara ya fi tsallake fari da yunwa. Su kansu shanun haka ne: Muturu da N'Dama, da suka daɗe a dazuzzukan ƙudan tsando, suna jure sammore fiye da Bunaji, kuma wannan cuta ce cibiyar bincike ta NITR da ke nan Kaduna take aiki a kanta.

Saura maganar biri. Masana wannan fanni ba su ce birin da kike gani yau shi ya rikiɗa ya zama mutum ba. Abin da suke cewa shi ne mutum da cimfanzi, wani babban biri marar wutsiya, sun haɗa kaka ɗaya da ya rayu shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowane reshe ya kama hanyarsa. Hujjojinsu su ne kamancin DNA, da tsarin ƙashi, da ƙasusuwan da aka tono, irin ƙoƙon kan da aka samu a hamadar Djurab ta Chadi a 2001, wanda ake kira Toumaï. Wannan shi ne matsayin kimiyya, kuma shi za ki rubuta in an tambaye ki abin da nazariyyar ta ce. Na san a ajinku akwai Musulmi akwai Kirista, kuma dukkanku kun tashi da imani game da halittar Annabi Adamu. Yadda za a daidaita wannan da wancan magana ce ta aƙida, ki kai ta wurin malaman addini masu zurfin karatu, ni malamin bayoloji ne. Abin da ba na so shi ne ki rufe littafin gaba ɗaya saboda wannan babi, domin likitanci da haɗa magunguna da aikin gona da kike nema a JAMB duk suna tafiya ne da lissafin da muka yi a sama.

Ga aikin gida. A wani gari, kason S a cikin manya kashi 10 ne cikin 100. Cikin jarirai 1,000 da za a haifa, nawa ne za su zo AA, nawa AS, nawa SS? Daga nan ki ƙirga kwafin S nawa ne ke jikin masu AS, nawa ke jikin masu SS, ki kwatanta da na Garki. Ki turo min amsar tare da yadda kika bi kika same ta.